Gefen Hagu Yana Jiranka

Kebbe, 9 ga Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Kamila da yara kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Na ce "mu" ne don sabo, ka san tun rasuwar matata Rauda ni da kaji huɗu ne a gidan.

Kwalin da ka aiko ya iso. Kai kaɗai ne za ka dubi mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a littafi, ka aiko masa ɗan jirgin ruwa na katako ya harhaɗa. Malam Ɗangiwa maƙwabcina ya leƙo, ya tambaya ko na ji labarin ambaliya ne na ɓoye musu.

Ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa ba su ba ni wuya ba. Rufe jikin ne aiki. Siraran katakon sai an jiƙa su a ruwan zafi kafin su lanƙwasu, don haka filas ɗin shayin Rauda ya samu sabon aiki. Allurorin ɗinkinta nika kafe su da su har gam ya bushe. Ashe shekara biyu ban buɗe gwangwanin nan ba. Zarenta ja yana nan a hancin wata allura. Ita ban taɓa ta ba.

To, ga abin kunya. Takardar ta ce a manna ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ni kuwa, malamin da ya shekara ashirin da bakwai yana faɗa wa ɗalibai su karanta umarni, sai na rufe dama kaf, don can hasken taga yake. Da katakon ya bushe, ya ja jirgin ya murɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Kwana uku na yi ina ɓamɓarewa.

Hinde ta zo daga Tambuwal, ta ce ka gaya mata bana ma da wuya ka taho Sallah. Sallah ta shida ke nan. Ban yi fushi ba. Na dai sake manna ɗaya a dama, na tsaya nan. Na hagu naka ne, ba zan sa shi ba. Jirgin zai zauna da haƙarƙari a waje, duk wanda ya tambaya in ce injiniyan yana hanya. Kada ka mai da ni maƙaryaci da furfurata.

Ka gaida Kamila, da Ihsan, da Aminullahi. Na share ɗakinka.

Yayanka,
Abdulkarimu