Labarin da na ba Yaya Sani

Daren Laraba, Malaz

Yau ma kafil ɗin Yaya Sani, wato ubangidansa a nan Riyad, ya hana shi canza wurin aiki. Ya zo ɗakina daga unguwar Sulay, ko shayi ya ƙi taɓawa.

Don in ɗauke masa hankali na ba shi labarin darasinmu: a da can yaƙi da annoba sun cinye mutanen Turai har aka rasa 'yan ƙodago, sai sarakuna suka kafa dokar hana lebura barin ubangidansa.

Ya ce, "To, sun zauna?"

Na ce a'a, da yawa guduwa suka yi.

Ya shanye shayin, ya tambaye ni inda ake hawa motar Jidda. A nan kuwa wanda ya gudu ikamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu. Ni da bakina!