Sallama a Ƙofar Sito

Gaya, ranar Litinin

Assalamu alaikum, Yaya Hidaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da su Zulfa. Umma tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Hadi direba ya kawo mini kwamfutar Kawu Badaru. Kin ce in riƙa yi miki bayani da Hausar da za ki gane, to ga shi. Kawu ya samo aiki daga ƙungiyar manoman gyaɗa ta can garinku. Manhajar waya suke so, wadda manomi zai buɗe ya ga farashin gyaɗa a kasuwanni kafin ya sayar. Ni zan rubuta, shi zai nuna musu ranar taronsu. In sun karɓa, zai ɗauke ni aiki a shagonsa, kwamfutar kuma ta zauna a hannuna. Kin san tun da na gama makaranta ba ni da tawa, kuma wannan sana'a in ba ka taɓa ta, guduwa take yi.

Amma Yaya, kwamfutar nan! Maiƙo ya daskare a maɓallanta, ga ɓurɓushin goro da ƙuli-ƙuli a tsakani. Harafin "e" sai an danne shi da ƙarfi. Ina kunnawa, fankarta ta hura, 'ya'yan kyankyaso suka fara fitowa ta gefe. Da tsinken sakace da auduga na wuni, ban iya cin tuwon dare ba.

Na dai sa edita, wato shirin da ake rubuta manhaja a cikinsa, sunansa VS Code. Na haɗa shi da Flutter, wanda ke sa ka rubuta sau ɗaya abin ya yi aiki a Android da iPhone. Akwai wani umarni da suke ce wa likita, shi ke duba komai ya faɗi abin da ya rage. Ya nuna ɓangaren Android ya kammala. Sai dai wayar gwaji da ake buɗewa a allon kwamfuta ta ƙi tashi, ƙwaƙwalwar injin ta yi kaɗan. Dole in jona wayata ta gaske, igiyoyin da na samu a kasuwa kuwa caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. Don Allah ki ba Hadi wadda ta zo a kwalin wayarki.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Muhyiddeen

Ajingi, ranar Laraba

Wa alaikumus salam, Injiniyan gidanmu.

Muna lafiya lau. Zulfa ta ce a tambaye ka ko kyankyasan ma sun yi digiri. Ga igiya nan na naɗe a leda. Amana ce, in ta dawo da maiƙon Kawu ba zan karɓa ba.

Ni abin da na fahimta a doguwar takardarka shi ne ka yi shara, ka kira likita. Allah ya ba da lafiya.

Amma ka saurara. Kawu yana nan yana cika gari. Maigida ya ji shi a majalisar ƙofar shago yana cewa an gama aiki, har a iPhone ɗin Ciyaman na ƙungiyar zai yi. Kuma duk inda ya zauna sai ya ce ɗan marigayi Malam Ja'afar ne ke haɗawa. Ka san yadda mutanen nan suke da Baba. Shi ya riƙe musu sikelin ƙungiya har ya rasu, ba wanda ya taɓa cewa a sake awo. Da sunansa ake tallar nan. Ka rubuta wa Kawu inda aka tsaya tun bai yi nisa ba.

Ka gaishe mini da Umma, ka ce ta daina tsayuwa a bakin murhu.
Yayarka, Hidaya

Gaya, ranar Juma'a

Assalamu alaikum, Kawu.

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fata Kawu yana lafiya da iyali baki ɗaya.

Alhamdu lillahi, edita ya zauna. Na buɗe izinin gwaji a wayata, na jona ta, edita ya gan ta, manhajar ta tashi. Abin sha'awa ma, in na canja rubutu a kwamfuta na ajiye, nan take yake canjawa a waya ba tare da an rufe ta ba. An yi haka ne don mai rubutu ya ga kuskurensa da wuri ya gyara.

Ina so Kawu ya san inda ba a kai ba. Farashin da ke ciki ni na ƙirƙira don gwaji kawai. Na gaskiya ba zai shigo ba sai an sami mutane a kasuwanni masu turowa, kuma ban rubuta ɓangaren da za su turo ta cikinsa ba tukuna. Kawu zai ga wani jan ƙyalle a kusurwar sama ta allon waya. Alama ce cewa manhajar tana hannun mai gwaji, ba a gama ta ba. Batun iPhone kuma, sai da kwamfutar kamfaninsu ake haɗa tata, wannan ba za ta iya ba.

In Kawu ya yarda, a nuna musu a haka, a gaya musu abin da ya rage. Ina ganin za su fahimta.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanka, Muhyiddeen

Ajingi, ranar Asabar

Muhyiddeen,

Muna lafiya. Na ga takardarka. Boko ya yi maka yawa. Wa ya taɓa kai ɗanyen tuwo kasuwa ya ce a saya, za a ƙarasa dafawa?

Wannan da ka ce kana canjawa waya ta canja, ai shi ne maganin. Ranar taro za ka zauna a siton da ke jikin ɗakin taro. Akwai taga a sama, za ka ji komai. In an tambayi farashin Gaya ko Dawanau, ka buga abin da na rubuta a takardar da ke cikin ambulan ɗin nan. Igiya kuma ka san dabarar da za ka yi babu ita, ga na'urar wayfai tawa na ba Hadi. Jan ƙyallen zan ce hatimin inganci ne. Ciyaman ka bar ni da shi.

Wannan ba ƙarya ba ce, talla ce. In sun sa hannu sai ka yi na gaskiyar a tsanake. In kuwa ba za ka iya ba, Hadi yana zuwa Gaya kullum, ka ba shi kwamfutata.

Ka gaishe da Yayata, Ummanka.
Kawunka, Badaru

Gaya, ranar Lahadi

Assalamu alaikum, Yaya Hidaya.

Ina gaisuwa. Ga takardar Kawu na haɗo miki, ki karanta da kanki, don in na faɗa za ki ce na ƙara gishiri. Ni dai da na gama ji na yi kamar na haɗiyi ƙuda.

Na yi wa Umma bayani. Ta ce ƙaninta ne, ba a yi wa babba gardama, in yi masa wannan karon, in na kama ƙasa sai in yi yadda nake so. Ta ce ta gaji da ganina a zaure ina duba bango.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne dabarar ta yi. Na haɗa waya da kwamfuta a kan wayfai ɗin Kawu, na cire igiya, na kai wayar ɗakin Umma, na koma zaure na canja rubutu. Da na je, ya canja. Sai da na yi murmushi kafin in tuna abin da nake gwadawa. Abin da aka yi don a kama kuskure, shi zan ɓoye kuskure da shi.

Ki sa ni a addu'a.
Muhyiddeen

Ajingi, ranar Litinin

Ƙanina,

Ina amsawa. Yau ba wasa a bakina. Maigida ya ce Kawu ya kama ɗakuna biyu a bayan kasuwa, yana sayen gyaɗa ta hannun Mudassir dillali, a ɓoye. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san kasuwa. Ka buɗe ambulan ɗin nan, ka je kasuwar Gaya ka tambaya, ka ga farashin da ya rubuta maka sama yake ko ƙasa.

Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kar ka zo ba. Na san yadda kake son aikin nan. Mata ba ma shiga taron, sai dai ka ba ni labari.

Allah ya yi maka jagora.
Hidaya

Gaya, ranar Alhamis

Assalamu alaikum, Yaya Hidaya.

Ina gaisuwa, kuma ki yafe mini da ban biyo ta gidanki ba jiya. Ban iya haɗa ido da kowa ba. Na san maigida ya ba ki labari, amma ga shi yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Na tambaya a kasuwa. Farashin Kawu ƙasa yake, kuma ba kaɗan ba, don manoma su sayar masa da arha. Duk da haka na hau mota na zo. Ina faɗa miki ne don kada ki ɗauka jarumta na yi.

Kawu ya karɓi makulli a wajen maigadi, ya shigar da ni sito tun mutane ba su taru ba, ya tura ƙofa. Yaya, warin gyaɗar da ta yi fumfuna da fitsarin ɓera ya cika wajen. Akwai mushen ɓera a bayan buhuna, ban gan shi ba amma hancina ya gan shi. Ƙwari suna yawo a kan allo. Na zauna a kan buhu da rigata ta Juma'a, kwamfuta a cinya, takardar farashin Kawu a gefe.

Ta taga na ji ya fara. Ya yi bayanin hatimin inganci, aka yi kabbara. Ya ambaci sunan Baba, aka yi masa addu'a. Sannan wani ya ce, "To Alhaji, nawa take a Gaya yau?" Kawu ya ce, "Yanzu za ku gani da idonku." Na ɗora yatsu a kan maɓallai.

Sai na ji sallama a ƙofar sito. Muryar Malam Da'u ce, aminin Baba, wanda ke kula da siton. Ashe ya zo a makare, ya ga kwaɗon ƙofar a buɗe. Kin san halinsa, ko ɗakinsa ne in ya zaci da mutum a ciki ba ya faɗawa. Zai yi sallama uku, in ba a amsa ba ya juya ya nemo maigadi, kafin nan an gama. Ta farko na yi shiru. Ta biyu na yi shiru, zufa tana ɗiga a kan takardar. Ban taɓa jin sallamar Musulmi na yi kamar ba na nan ba, balle tasa. Da ya yi ta uku na ce, "Wa alaikumus salam, Baba."

Ya turo ƙofa. Na ajiye kwamfuta na durƙusa. Ya tambayi Umma, da ƙafarta, da mutanen Gaya, da damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta taga kuwa Kawu yana cewa, "Sabis ne, ku ɗan yi haƙuri."

Da aka gama gaisuwa ya ce, "Ɗan Ja'afaru, me kake yi a cikin ɓeraye?" Na gaya masa. Ya ce, "Wato in ka rubuta a nan, can yake fitowa?" Na ce e. Ya ce, "To rubuta mini: Da'u yana gaishe ku daga sito."

Na rubuta, na ajiye. Sai na ji muryar Ciyaman ta taga, a hankali, yana karantawa. Wani ya yi salati, wani ya fashe da dariya, daga nan sai takun takalma. Suka cika ƙofar sito suna toshe hanci. Malam Da'u ya ɗauki takardar Kawu ya miƙa wa Ciyaman, ya karanta farashin a fili, a gaban mutanen da suka ci kasuwar Gaya da ƙafarsu. Ba wanda ya sake dariya. Kawu ya ce yaro ne ya ɓata masa aiki, ya fice.

Malam Da'u ya ce mini, "Tashi ka kaɗe rigarka, nan ba wajen zamanka ba ne." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Umma ba ta yi mini magana ba tun jiya, amma ta wanke rigar da kanta. Ga igiyarki, na goge ta.

Ki huta lafiya.
Muhyiddeen

Ajingi, ranar Alhamis

Muhyiddeen,

Ka kyauta. Ka ba Hadi kwamfutata da na'urar wayfai gobe. Ba aiki tsakanina da kai. Ka je Da'u ya ɗauke ka.

Badaru

Gaya, ranar Juma'a

Assalamu alaikum, Kawu.

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ga kwamfuta nan da cajarta da na'urar wayfai, duk a jaka ɗaya. Na gode da aron.

Na share ta ciki da waje. Harafin "e" yana dannuwa yanzu. Edita yana nan yadda na saita shi, manhajar ma tana nan, duk wanda Kawu ya samu zai iya ɗorawa daga inda na tsaya. Farashin gwaji na goge, don kada wani ya ɗauka na gaske ne. Jan ƙyallen ban cire ba, domin har yanzu ba a gama ba.

Umma tana gaishe ka. In Allah ya kai mu Sallah zan zo gaisuwa kamar kullum, zan yi sallama a ƙofa.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanka, Muhyiddeen Ja'afar