Rahoton da Aka Ƙunshe Jalmuri da Shi

Daga: Jhorna Khatun,
Mai shayi da shara,
Ƙungiyar Kare Mata Masu Ɗinki, Mirpur, Dhaka.

14 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga: Uwargida Dilruba Majumdar,
Shugabar Kwamitin Amintattu.

Ranki ya daɗe,

Game da: Binciken tsaron manhajarmu da Injiniya Ashikur Talukdar ya ce ya yi

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa. A aji huɗu na tsaya, kuma shekara biyu ina ajiye miki shayi ban taɓa ɗaga ido na dube ki ba. Abin ya fi ƙarfin kunyata ne. Mata ɗari shida sun kai ƙarar masu kula da su a masana'antu ta wannan manhaja, bisa alkawarin ba wanda zai ga sunansu. Yayata Parul tana cikinsu, kuma har yau a ƙarƙashin mutumin da ta kai ƙara take ɗinki.

1. Ranar Litinin, 5 ga wata, Injiniya Talukdar ya zo duba rubutun da aka gina manhajar da shi, don gano ƙofofin da ɓarawo zai iya bi. An ba shi kwana uku. Ya gama kafin shayinsa na biyu ya huce. Na'urarsa ta nuna ja a wuri ashirin da uku. Tanzila Apa, wato Yaya Tanzila, mai kula da kwamfutocinmu, ta gaya mini kowane ja ƙofa ce marar sakata, mafi muni kuma kalmar sirrin ma'ajiyar sunaye, wadda aka rubuta a fili cikin rubutun.

2. Ina tsaye da faranti a bayansa ya riƙa taɓa jajayen ɗaya bayan ɗaya suna komawa kore, yana waya da surukinsa a kan kuɗin kifin walima. Bai gyara komai ba. Da Tanzila Apa ta yi magana, ya kira ta ƙanwa, ya ce na'ura sarkin tsoro ce, shi kuwa ya yi karatu a waje. Ban san wace ƙasa ba ce. Ko a ƙauyenmu an san fenti ba ya toshe kwale-kwale.

3. Kamar yadda kika sani, a ofishinmu abin da bai hau takarda ya sha hatimi ba, bai faru ba. Saboda haka ya buga rahoton farko mai ja, shafi talatin, kafin ya sake shawara. Na biyu mai kore ya sha hatimi ya zo teburinki. Na farko ya cilla kan tulin tsofaffin takardu, ko yagawa bai yi ba. Ranar Alhamis, 8 ga wata, aka ɗora tulin a sikeli aka sayar, kamar kowane mako.

4. Ranar Lahadi, 11 ga wata, na sayi jalmuri, soyayyar shinkafar nan mai yaji da ake ƙunshewa a takarda, a bakin ƙofarmu. Da na cinye na warware takardar, sai ga tambarin ƙungiyarmu da jan layi. Shafi na sha bakwai ne. Na bi masu jalmuri bakwai har tashar bas ina roƙon takardun ƙunshinsu. Ɗaya ya tambaye ni ko na fara cin takarda ne, wani ya ce in wasiƙar saurayi nake nema in faɗa masa gaskiya. Na haɗa shafi ashirin da bakwai.

5. Ranar Litinin, 12 ga wata, na kai wa Injiniya su da hannu biyu. Ya toshe hanci saboda warin mai da albasa, ya ce, “Ke, aikinki tsintsiya.” Gaskiya ya faɗa, ranki ya daɗe. Sai dai ni in na yi shara ba na tura dattin ƙarƙashin darduma in nemi hatimi.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a canza kalmar sirrin nan yau, a rufe manhajar har sai wani ya sake binciken a gaban Tanzila Apa, kuma a sanar da matan domin kowace ta san inda ta tsaya. Game da Injiniya ba ni da shawara. Takardar shaidarsa tana rataye a bango cikin gilashi, ita ba a sayar da ita a sikeli ba.

Na haɗo shafukan da wannan takarda, a yi haƙuri da maiƙon. Tanzila Apa ta ce kalmar sirrin tana shafi na tara. Shi ban same shi ba. Mai jalmurin ƙarshe ya ce ranar Asabar ya tura kekensa ƙofar masana'antar su Parul, kuma ya yi ciniki sosai.

Taki mai biyayya,
Jhorna Khatun