Duwatsun Kabarin Mahaifiyata Aka Yi Murhu da Su

Zuwa ga Mai Girma Mudir na kamfanin da ke kai mutane yawon shaƙatawa a kwarin da mu Hausawan Jidda muke kira Rijiyar Matafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da ma'aikata, sunana Ilyasu Maman Damagaram, ma'aikacin sito a tashar jiragen ruwa. Na je ofishinka har na gaji, kullum sai a ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ina goye iyayena suka taso daga Damagaram a ƙafa, suka ratsa Sudan, suka haye teku. A wannan kwari, tsakanin duwatsu, zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata, a nan ta cika. Mahaifina da abokan tafiya suka binne ta gabas da rijiyar, kusa da wasu matafiyan da suka riga ta. Ba gini, ba rubutu, baƙin dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, kamar yadda ake yi. Duk shekara nakan je in tsaya in yi mata addu'a.

Na biyu. Da aka killace wurin aka ce an ba shi kariya, har murna na yi. An hana makiyayi shiga da awaki, an hana saran itace, an kafa allo cewa kada a taɓa tsofaffin zanen raƙuman da ke jikin dutse. Ni da kabarin uwata ke ciki sai na nemi takardar izini kafin mai gadi ya buɗe mini. Ban yi ƙorafi ba, na ce ai doka ce.

Na uku, kuma shi ne ya ta da mini hankali. A hutun ƙaramar Sallah na je, na tarar da tantunanku a gabas da rijiyar. Duwatsun kaburbura duk an kwashe. Ma'aikatanka sun jera su uku-uku, sun ɗora tukwanen shinkafa da naman rago don baƙinku. Na gane dutsen kan mahaifiyata saboda tsagar da ke gefensa, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, maiƙo na bin jikinsa. A gefe ga kayan cikin rago, ƙudaje sun rufe shi, ga ledoji, ga ragowar shinkafa an juye a bakin rijiya. Baƙi kuwa suna kishingiɗe a kan darduma bisa mamata, suna shan shayi, suna ɗaukar hoton duwatsu. Wallahi sai da na koma bayan mota na yi amai. Tir da wannan aiki.

Shugaban ma'aikatan ya ce mini bai sani ba, dutse dutse ne, halas, wato shi ke nan. Na yarda bai sani ba. To wa ya tambaya? In ba ka san gari ba, saurari daka. Raƙumin da aka zana a dutse kun yi masa shinge, Musulmar da ke kwance a ƙasa kun yi mata murhu a kai. Kuma na ji kuna shirin share filin ku kafa tantuna na dindindin kafin lokacin sanyi.

Ba diyya nake nema ba, kuma ban ce a gina ƙubba ba, na san hukuncin addini. Roƙona shi ne ku ɗage tantunan daga gabashin rijiya, ku dakatar da share filin, ku wanke duwatsun a mayar da su. Sai dai mayarwar ma ba zan iya ni kaɗai ba, don tayoyin motocinku sun baje ƙasar, na tsaya ina dube-dube ban san inda zan fuskanta ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya cikin waɗanda suka yi jana'izar, Alhaji Manzo, dattijon da ke zaune a bayan Bab Makka, tsohuwar ƙofar gari a nan Jidda. Ya tsufa tukuf, idonsa ya fara rufewa, amma ya ce in aka kai shi bakin rijiyar zai nuna wurin. Ku ba shi izinin shiga tun yana da sauran gani. In ya rasu kafin ka amsa, uwata ta ɓace mini ke nan, kuma ban yafe ba.

Allah Ya ja kwananka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare makwancin iyayenka daga irin abin da na gani.

Wassalam.

Ilyasu Maman Damagaram, Jidda.