Angon da Bai Tsaya a Zaure Ba

Kazaure

Nafisat,

Kafin ki ci gaba da karantawa, ga gargaɗi: kada ki yi mini kuka a gaban ƙawayenki, kada kuma ki nemi izinin zuwa gida ana dab da jarrabawa. To, assalamu alaikum. Ya karatu? Mu lafiya lau.

Ɓerayen Masar ɗinki ne ba lafiya. Susa suke har jini, gashin bayansu na zuba. Mai cikin nan da kike kira Amarya ta daina cin ciyawa. Tun ranar da marigayi babanki ya kawo miki su na ce ɓera ɓera ne, ko daga Masar yake. Ga sakamakon ƙazanta. Kawunki Maikasuwa ya ce ƙuma ce, gobe zai yayyafa musu fiya-fiya. In ba su warke ba, za su bar mini gida.

Ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Ummi Kulsum

Babura

Umma,

Wa alaikumus salam, da gaisuwa mai yawa. Ban yi kuka a gaban kowa ba, bayan aji na zaga.

Don Allah, Umma, kada Kawu ya matsa kusa da su da fiya-fiya! Guba ce, kafin ta kashe ƙuma ta kashe su. A kai su asibitin dabbobi. Kuma ba ƙazanta ba ce, tsaf na bar kejin. Su huɗu na bari, ya aka yi direban da ya kawo takardarki ya ce ya ga biyar?

Amarya ce kaɗai ta rage cikin waɗanda Baba ya ɗauko da hannunsa.

'Yarki mai biyayya,
Nafisat

Kazaure

Nafisat,

Bayan gaisuwa, ki daina titsiye direbobi da tambaya, ba tarbiyya ba ce. Amma gaskiyarsa. Kawunki ne ya sayo namiji a kasuwa, wai Amarya ta samu ango, ya jefa shi keji ko sallama babu.

Na ƙwace kwalbar fiya-fiyar daga hannun kawun naki, ya ce, “Yaya, a kan ɓeraye za ki ci mutuncina?” Na ce har a kan ƙasa da ɓeraye.

Na zuba su a kwando na rufe da mayafi. Mai keken da ya ɗauke ni zuwa asibitin dabbobi ya ji suna fito, ya ce, “Hajiya, tsuntsaye ne?” Na ce ya kalli titi. Likita ya kankari fatar angon ya duba. Ya ce ba ƙuma ba ce, ƙazuwa ce, wasu ƙwari da ido ba ya gani ke rami a cikin fata, kuma angon ne ya zo da su. Ya yi musu allura, za a maimaita. Na ƙona shimfiɗarsu, na wanke kejin da ruwan zafi, na ware angon. Amarya dai har yanzu sai na ɗura mata ruwa.

Ki yi addu'a, ki yi karatu.

Mahaifiyarki

Kazaure

Nafisat,

Salama da gaisuwa. Amarya ta sauka lafiya, 'ya'ya uku, da gashinsu da idonsu a buɗe. Nata gashin ma ya fara tofowa. Da sun ji takuna sai su kama fito, har maƙwabta na dariya. Kada ki ɗauka son su nake, haƙƙin dabba ne.

Ga dokar gidan nan daga yau, na faɗa wa kawunki a gaban kowa. Baƙo ba ya wuce zaure sai an san halinsa. Duk dabbar da aka kawo, ko kaza ce, zaure za ta zauna sati biyu, likita ya gan ta, sannan ta shigo. Fiya-fiya kuwa, ko ƙofar gida.

Mahaifiyarki,
Ummi Kulsum