Rabin Halin Zakara da Na Ɓoye Miki

Zuwa ga Haula, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawo ga wanda rana ta dafa! Ya ke wadda ambaton sunanta kaɗai ke sa ni sassauta gudu a kan moto, assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Inna, yaya ƙarfin jikin Baba? Na san ba ni da bakin yin wannan tambaya ta ƙarshe, amma ga shi na yi.

Yau kwana goma sha tara ke nan rabona da jin muryarki. Kwana goma sha tara, Haula! Ina kiran salularki tana ta ƙara har ta gaji ta yi shiru. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga alƙalami, kuma Goggo, ƙanwar Baba mahaifinki, ta yarda za ta kawo miki takardar, bayan ta zaunar da ni ta wanke ni tas tun daga hula har takalmi. Ki yi wa Allah ki karanta har ƙarshe, domin akwai abin da na ɓoye miki tun bara, yau kuma ya fi ƙarfin cikina.

Kin tuna lokacin da aka tura mu Azagor yi wa shanu allurar rigakafi? Kin tuna labarin tsohon nan ɗan ƙasar Sin da na tarar yana gyaran fanfon foraji, rijiyar burtsatsen nan, wanda makiyaya ke kira Baba Sinuwa? Kwana huɗu muna shan shayi a inuwa ɗaya, yana karya Faransanci ina ɗinke masa. Ran nan ya tambaye ni shekarar haihuwata, na ce 1993. Sai ya ɗora tafin hannu a ka kamar zanko, ya miƙe wuya, ya yi cara har shanu suka waiwayo. Ya ce su a can kowace shekara da dabbarta, dabbobi goma sha biyu suna zagayowa, ni kuwa a shekarar zakara na faɗo duniya. Ni dai ban ɗauki abin duba ba, Allah ya tsare, gaibu na Allah ne. Hira na ɗauke shi. Amma wace irin hira ce za ta zana mutum haka, kamar tare muka tashi?

Da na dawo Dakoro ko ƙura ban kakkaɓe ba na zo zaurenku bayan la'asar na zazzage miki. Na ce an ce ɗan shekarar zakara ba ya makara, ba ya saɓa lokaci, ba ya gudun aiki. Na ce an ce yana son tsabta da ado, ba ya tsoro, ba ya ƙarya, kuma in ya tono tsaba ba ya ci sai ya kira iyalinsa. Ina faɗa ina gyara zaman hula. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, kika rufe baki da gefensa, idanunki na ƙyalli kamar raɓa a kan ganyen wake. Wayyo wannan dariya! Da ana ajiye dariya a kwalba da na ajiye ta, in riƙa buɗewa a kwanakin nan. Tun daga ranar kika daina ce mini Jimrau, sai dai Zakarana, ni kuwa ina ta hura hanci.

To, rabi na faɗa miki. Tsohon bai tsaya nan ba. Ya ce zakara ba ya cara a ƙasa in akwai katanga, sai ya hau inda kowa zai gan shi. Ya ce ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, kuma in zai gyara da baki yake gyarawa, ya sara ba tare da ya duba inda ya sara ba. Ya ce yana da gaskiya sau da yawa, kuma wannan ne ciwonsa, domin mai yawan gaskiya ba ya koyon ban haƙuri. Sannan ya taɓa maƙogwaronsa da yatsa ya girgiza kai. Na yi dariya na zuba masa shayi. A kan hanyar dawowa na tace maganar, na zubar da dusar, na kawo miki garin.

Ai da wannan bakin na same ki, kin sani. Ranar da kika kawo jar akuyarki buronmu, ofishin kula da lafiyar bisashe, cikinta a kumbure, kowa a unguwa ya ce miki ciki ne ki yi murna. Ni na latsa cikin na ce leda ta ci, ba za ta kwana uku ba, a yanka tun tana da nama. Kika yi hawaye, kika harare ni, kika tafi. Bayan mako kika aiko mini da fura, da saƙon cewa a duk garin nan ni kaɗai ne ban shafa miki zuma a baki ba. Haula, me ya hana ki jefe ni da ludayi a ranar? Da kin yi, wataƙila da na koyi wani abu. Sai kika saka mini da fura, na ɗauka duk duniya haka take biyan mai tsage gaskiya.

Bari in faɗa miki abin da ya faru a kasuwar bisashe da bakina, domin na san an kawo miki shi kala-kala. Baba, Malam Sallau, shekara arba'in yana dillancin shanu, kuma kowa ya san bai taɓa buɗe bakin dabba don sanin shekarunta ba. Ƙaho yake dubawa, da tozo, da tafiya, ya faɗi shekaru, magana ta ƙare. A ranar an kawo wani jan bijimi, ga mai saye daga Maradi, ga jama'a sun yi da'ira. Baba ya ce shekara uku. Ni ina wucewa cikin farar rigar aiki mai guga, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya tambaye ni. Na ga taro, ƙafata ta kai ni. Na kama hancin bijimin na buɗe bakinsa, na ga haƙora takwas manya har sun fara cinyewa. Na ɗaga murya na ce wannan ya yi shida, in ma bai wuce ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Da na faɗi haka, waiwayawa na yi in ga wa zai yaba mini. Wallahi waiwayawa na yi! Ban ga ko fuska ɗaya ba, duk kawuna a ƙasa. Baba ya miƙe. Ya laluba sandarsa, ya saka takalmi, ya bi ta tsakanin shanu ya fita. Kasuwa biyu ta ci tun daga nan, tabarmarsa a naɗe.

Na'Allah, abokin dillancinsa, shi ya ja ni bayan rumfa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce shekara biyu ke nan da ciwon yanar ido ya rufe idanun Baba, abin da yake gani yanzu inuwa ce kawai. Ya ce duk kasuwa ta sani. In Baba ya faɗi shekaru, sai ɗayansu ya zagaya a hankali ya duba, ya raɗa wa mai saye a kunne, a daidaita ciniki ba a cuci kowa ba, tsoho kuma ya koma gida da girmansa. Fulani sun sani, Buzaye sun sani, mahauta sun sani. Shekara biyu kasuwa guda tana riƙe da asirin mutum ɗaya kamar ƙwai a tafin hannu! A ranar ma Na'Allah ya riga ya taso zai je wurin mai sayen, taku uku ya rage masa. Ke ma kin sani, ke da kike ajiye masa takalmi da buta a wuri ɗaya kullum, na sha gani na ɗauka tsabar tsari ne. Ni da nake hango ciwon ido a tunkiya daga nesa, ni da takardar shaidar karatu a bango, na zauna gaban surukina sau nawa ban gani ba? Ina zan gani, ina can ina duban ko rigata ta yamutse.

Yanzu ga inda nake. Baba ya aiko Na'Allah da magana ɗaya: an jingine batun sa ranar aurenmu, sai na tsaya a inda na tsaya, ranar kasuwa, gaban mutanen da suka ji, na ce na yi kuskure. Na'Allah ya ce iyakar abin da aka ba shi ke nan, amma a ganinsa tsohon yana son ya ji an ce bijimin yadda ya faɗa yake.

Ya hasken safiyata, ina zan sa kaina? In na ce uku, na yi ƙarya a gaban mutanen da suka ga haƙoran da idonsu. Gobe in na ce wa makiyayi saniyarsa na da ciwo a ware ta daga garke, da wane baki zai yarda? Ke kuma da kika so ni don ban shafa miki zuma ba, wane miji za a kawo miki? In na ce shida, na sake kwance wa Baba rawani karo na biyu, a wuri ɗaya. In na ƙi zuwa, na rasa ki. Na duba gabas, na duba yamma, kowace hanya da ƙaya aka toshe ta. Ina fita aiki, ina dawowa, moto na tafiya, amma ji nake kamar an kife ni da kwando, ina hango tsakar gida ta ƴan ramuka ba halin miƙe wuya.

Abin da ya fi cin raina ma ba wannan ba ne. Na kasa gane abin da ke riƙe mini harshe. Wani lokaci in ce gaskiya ce, tsoron Allah ne, amanar aiki ce. Can sai wata zuciyar ta ce kai dai Jimrau, girman kai ne ya sa rigar gaskiya ya zauna. Su biyun murya ɗaya gare su, Haula, tun ina yaro ban taɓa raba su ba, ban ma san biyu ba ne. Jiya na rufe buro na tsaya gaban kujera ina gwadawa. Sau bakwai ina cewa na yi kuskure, sau bakwai kalmar amma tana biyo baya da kanta, ba da izinina ba. Na zauna na yi kuka, ni da ban yi ba ranar da bijimi ya karya mini haƙarƙari.

Ina kewarki! Ina kewarki yadda busasshiyar ƙasarmu ta Tarka ke kewar ruwan farko. Ina kewar yadda kike kiran sunana in za ki yi mini faɗa, da yadda kike barina in yi ta cika baki har in gaji sannan ki tambaye ni ko na ci abinci. Wa zai saurare ni haka in ba ke ba? Wa ya san cewa duk wannan ƙarar, a ƙarƙashinta mutum ne mai tsoron kada a ƙi kallonsa? Ba na roƙon ki saɓa wa Baba. Da za ki saɓa masa saboda ni, da kin ragu a idona. Kina gefensa, kuma nan ne wurinki.

Na yi miki alkawari, in Allah ya haɗa mu, zan koyi duban fuska kafin in dubi haƙori. Zan koyi zagayawa a hankali irin ta Na'Allah, ko da zan tsufa ina koyo. In Baba ya yarda, ni zan kai shi Maradi wurin likitan ido, in ce ni ne nake son a duba nawa ya raka ni. Ko kuwa wannan ma ƙarya ce? Kin gani ko, ko a alkawari ban san inda zan taka ba.

Jibi kasuwa. Zan je, ba da farar riga ba. Na roƙi Na'Allah ya rako Baba ya shimfiɗa masa tabarmarsa. Zan cire takalmi tun daga nesa, in tuɓe hula, in durƙusa a cikin kashin shanu inda kowa zai gan ni a ƙasa. Zan ce, Baba, na yi kuskure, ka gafarce ni. Wannan gaskiya ce tsantsa, domin kuskuren da na yi ya fi na ƙidayar shekaru girma. Daga nan zan cije harshena, ko da jini zai fito. In ya ɗora mini hannu a ka, to Alhamdulillahi, an cece ni.

Amma Baba dillali ne, Haula, ba ya barin ciniki a buɗe. Yana iya juyo da fuskarsa inda ya ji muryata, ya ce to yanzu shekarun bijimin nawa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ko me ya fito, ki sani ke nake so, ke zan ci gaba da so, ba zan taɓa kai goro wani gida ba ko da zan mutu gwauro.

Ban roƙe ki amsa ba, ban roƙe ki ki sa baki ba. Abu ɗaya nake roƙo. Jibi da hantsi, in kin ga Baba ya ɗauki sanda ya fita, ki shimfiɗa darduma ki roƙa mana Allah kada ya tambaye ni.

Naki shi kaɗai, har ranar da za a auna mini likkafani,

Jimrau