Ɗani Guda, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana nan lafiya, Yaya Nasiru ma haka. Na san masu karanta ni a waya ne za su ga wannan wasiƙa, amma da kai nake.

Maganar motarka ce, Baba, akori-kurar da ka yi shekaru kana jigilar albasa da shinkafa da ita tsakanin ƙauyukan Kebbe da Tambuwal. Yaya ke tuƙa ta yanzu. Tayoyin da ka bari sun suɗe, wilin baya ɗaya ya lanƙwashe. Bara sau biyu tana kafewa a laka, sai da shanu suka jawo ta. Baffa Umaru ya ce a sayar, har ya samo mai saye daga Jabo. Inna ta roƙe shi damina ɗaya. Ya yarda, amma ya ce in ta sake kafewa ba ya son jin bakin kowa.

Sai ga Yaya da hoto a wayarsa. Wili huɗu masu ƙyalli kamar azurfa, da tayoyi masu faɗi. Ba zan ɓoye maka ba, sun tafi da ni. Irin su nake gani a raina duk lokacin da na karanta a littafi cewa saurayi ya tsaya a ƙofar gida da dalleliyar mota. Na kwana biyu ina hango motarka da su, ni a gaba, mayafina yana kaɗawa.

Da Inna ta tuna wa Yaya maganarka, cewa ya yi ai ya kiyaye. Ka san wadda nake nufi: "Tayar daji ɗani guda ta, in ta wuce haka kwalliya ta." Ya ce ya ɗora hannunsa a kan faɗin tayar, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ɗani guda cif.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na dubi hannun Yaya. Baba, hannun dangin Inna ya ɗauko, faffaɗa kamar faifai. Naka ƙarami ne. Na sani saboda ranar da muke asibiti ka haɗa tafinka da nawa, ka yi dariya ka ce tafina ya kamo naka.

Kuma na tuna dalilin. Lokutan da nake ɓuya a gaban mota da littafi, kai kana ƙasa kuna hira da maƙeri, ashe kunnena yana ɗauka. Ka ce siririyar taya tana bin sawun amalanken shanu, tana yanka laka har ta taɓa ƙasa mai tauri, mai faɗi kuwa sai ta hau sama tana santsi. Ka ce wilin ƙarfe in ya lanƙwashe guduma ce maganinsa, mai ƙyallin nan tsagewa yake.

Ka san ni da magana a gaban mutane. Sau uku ina buɗe baki. A na huɗu na faɗa, idona a kan faranti, cewa ɗanin hannunka kake nufi, ba na Yaya ba. Yaya ya ce tun yaushe 'yar littafi ta zama bakanike. Inna ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi ranar kasuwa da ni za a tafi.

Haka na tsaya a rumfar mai taya, maza cike, na ja hijabi har gira. Na ɗora hannuna kan mai faɗin, yatsuna ba su kai gefe ba, saura kusan yatsu uku. Mai taya ya mirgino wata siririya mai manyan haƙora, baƙa ƙirin, ba kyan gani. Hannuna ya rufe ta daidai. Ya tambayi ɗiyar wa ce. Da aka faɗi sunanka sai ya shiga ciki ya fito da wilin ƙarfe, bai ƙara nuna mana wani ba.

Siraran tayoyin da wilin ƙarfen muka saya, Yaya ya ɗaura su yana ɓata rai.

Shekaranjiya aka yi ruwa mai ƙarfi. Jiya da safe Yaya ya tafi da kaya cike, Baffa ya bi shi don ya gani da idonsa. Mun wuni Inna ba ta ci abin kirki ba. Da la'asar suka dawo, laka har gilashi. Baffa ya ce sun wuce motoci biyu a kafe a fadama. Ya sha ruwa, ya ce a gaya wa mutumin Jabo ya nemi wata.

Motarka tana ƙofar gida, Babana. Ban bari an wanke ta ba tukuna.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa hanyarka ta yi sauƙi fiye da duk wadda ka bi a duniya. Allah Ya tsare Yaya a kan titi da cikin daji, Ya haɗa mu da kai a Aljanna.

Ɗiyarka mai kewarka,
Kulu